Hanyar Mota Ta Samu, Saura Ta Mai Jaki

Daga watan Janairu zuwa Maris, sa'ad da tumatirin rani ya nuna a Kadawa da Kura da Bunkure, hanyar Kano zuwa Zariya takan cika tun gari bai waye ba. Manyan motoci na jere a Kwanar Gafan suna jiran kwanduna, waɗansu za su Ikko, waɗansu Anaca, waɗansu Fatakwal. Amma fa babu gingimarin da ke shiga gona ya ɗauko tumatir. Kafin kwando ya hau mota sai ya yi tafiya bisa kan ɗan dako, ko bayan keke, ko kan babur, ko cikin amalanken shanu, wani kilomita ɗaya, wani uku ko huɗu. Cikin wannan 'yar gajeriyar tafiya ne mai kaya ke gamuwa da mota gaba da gaba. Ga shi kuwa in an zauna rabon kuɗin hanyoyi, ita ce akan tuna da ita daga ƙarshe, in ma an tuna.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974 aka jawo ruwa zuwa wannan yanki, noman rani ya zauna da gindinsa. Alkama, shinkafa, tumatir, albasa, ɗanyar masara, da wuya a sami watan da ba a fitar da wani abu ba. Hanyar kuwa tagwaye ce, ta Gwamnatin Tarayya, an soma sabunta ta cikin 2018. Ba mai musun amfaninta. Kayan gwari ba ya jira, ko wace awa direba ya rage a hanya riba ce ga mai kaya. Sai dai hanya in ta yi sumul gudu take kira. Ramukan nan da direbobi ke tsine wa, su ne a da ke tilasta musu taka birki a tsakiyar ƙauye. In an cike ramuka ba a sa wani abu a madadinsu ba, to, mutumin da gidansa ke gabas da kwalta gonarsa na yamma, shi zai biya bashin.

Lissafin Gudu

Ga ɗan lissafi wanda ko wane malamin ofis zai iya gwadawa a bayan takarda. Doka ta yarda wa ƙaramar mota gudun kilomita 100 a awa bisa irin wannan hanya. Motar da ke wannan gudu tana cin mita 28 cikin sakan ɗaya tak. Faɗin hannu ɗaya na tagwayen hanya ya ɗan ɗara mita 7. Mace mai ɗauke da ƙunshin kara, ko tsoho mai kora jaki da mangala, sai sun yi sakan 7 ko 8 kafin su ƙetare. Cikin wannan lokaci mota ta ci mita 200 da 'yan kai. Watau motar da tsohon ya hango can nesa kamar buzuzu, kafin ya kai tsakiya tana kansa. Bugu da ƙari, lokacin tumatir shi ne lokacin hazo, akwai safiyar da ba a ganin abin da ke mita 200 ko kusa.

Direban ma ba shi da ta cewa. Kafin ido ya gaya wa ƙafa ta taka birki sakan guda ya wuce, mita 28 ke nan sun tafi a banza, sa'an nan motar ta ja tayoyi fiye da mita 40 kafin ta tsaya. Tirela mai ɗauke da siminti ba a ma maganarta. Amma motar da ke gudun kilomita 30 mita 8 take ci a sakan, cikin taku ashirin ta tsaya cak.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari cikin 2023 cewa mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hanyoyin duniya ko wace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Afirka ce ta fi ko'ina ƙarancin motoci, ita ce kuma ta fi ko'ina yawan mace-mace in an auna da yawan jama'a. Hukumar ta ce in mota ta buge mutum tana gudun kilomita 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na gudun kilomita 50 sau huɗu da rabi. Sabo da haka ne taron ministoci na ƙasashen duniya da aka yi a birnin Sitokholm cikin 2020 ya ba da shawara a tsare gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cuɗanya.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga littafin asibiti. In mota ta karya sa ɗaya cikin shanun huɗa, garma ta kwanta ke nan, gama ɗayan ba ya ja shi kaɗai, sabon sa kuwa sai an hore shi. Magidancin da ya karye a cinya cikin watan Yuni, daminar bana ta wuce shi, noman fari da maimai duk sai dai ya biya 'yan ƙwadago ko gona ta koma saura. Haɗarin minti ɗaya sai ya taɓa rumbu har shekara ta zagayo.

Hanyar Wa Ce?

In an yi wa shugaban Ƙaramar Hukuma wannan magana, amsar da ya fi saurin bayarwa ita ce hanyar ba tasa ba ce, ta Tarayya ce. Rabin gaskiya ya faɗa. Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne, na Tarayya, na Jiha, da na Ƙananan Hukumomi. In aka auna tsawo, kusan kashi biyu cikin uku na Ƙananan Hukumomi ne. Lalle ba shi da ikon fasa kwaltar Tarayya sai da izinin Ma'aikatar Ayyuka, har ma filin da ke gefenta, mita 45 da ɗoriya daga tsakiyar hanya ko wane hannu, doka ta ajiye shi ga hanyar. Amma duk turbar da ta fito daga ƙauye ta faɗo kwalta, da kasuwar da ke bakin hanya, da tashar mota, nasa ne.

Tsarin Mulki na 1999 ya zayyana ayyukan Ƙaramar Hukuma a jadawalinsa na huɗu. Cikinsu akwai yin hanyoyi da tituna da gyaransu, da fitilun titi da magudanan ruwa. Akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su. Akwai kuma wani wanda mutane da yawa ba su san yana nan ba, watau ba da lasin na keke da amalanke da baro da kwalekwale. Ashe dai doka ta san da mai keke da mai amalanke, ta kuma nuna hukumar da za ta karɓi kuɗinsu. Wanda aka ba ikon karɓar kuɗin amalanke, ai shi ya kamata a tambaya inda amalanken zai bi.

Dattawa sun san zamanin En'e, lokacin da ko wane keke ke da 'yar lambarsa ta ƙarfe. A zamanin nan akwai leburorin hanya da hedimansu, ko wace ƙungiya da iyakar milolinta, da diga da shebur da baro. In ruwa ya ɗauke sai su fito su cike inda ya ci, su yashe lambatu. A waɗansu hanyoyin burji har sanda akan gicciya bayan an yi ruwa mai yawa, ba motar da za ta wuce sai ƙasa ta tsane. Ba a ce zamanin nan ba shi da nasa aibi ba, haraji da jangali sun gasa talaka, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Kano cikin 1979. Amma dabarar gyara kaɗan kaɗan kullum ba ta tsufa ba. Cikin 1976 aka yi wa mulkin gargajiya garambawul aka kafa Ƙananan Hukumomi irin na yanzu. Cikin 1986 kuma Gwamnatin Soja ta kafa wata hukuma ta musamman domin abinci da hanyoyi da raya karkara, ta buɗe hanyoyi masu yawa da katafila. Da yawansu damina biyu ko uku ta cinye su, don ba a bar kowa da shebur a kansu ba.

Abin Da Kuɗi Kaɗan Ke Yi

Aikin da ya fi ko wane amfani ga manomin bakin hanya shi ne turba tasa ta kansa, wadda za ta bi tsawon kwalta daga baya, ta haɗa ƙauye da kasuwa da makaranta ba tare da an taka kwalta ba. Ba ta bukatar kwalta ko injiniya daga birni. Faɗin mita 3 ya isa amalanke da keke su gifta juna. Abin lura guda ne, ruwa. A yi tsakiyar turba ta fi gefenta tudu, kamar yadda ake tayar da kunya, domin ruwa ya gangare dama da hagu. A haƙa lambatu ko wane gefe, a riƙa fitar masa da 'yan bakuna zuwa cikin gonaki, kada ruwa ya taru ya yi ƙarfi. Sa'an nan a zuba burji kauri wajen ɗani guda, a yayyafa ruwa, a daɓe da kyau. Turbar da aka yi ta shimfiɗe kamar faifai, ruwa kan mai da ita rafi, shekara biyu sai ka ga ta zama kwazazzabo har tana cin gonar maƙwabci.

A gangaren lambatu a dasa jema a jere. Saiwarta ƙasa take nutsewa, ba ta yaɗuwa ta shiga gona, tana kama ƙasa ta hana zaizaya, ga shi kuma ana yanka ta a yi jinka da zana. Darbejiya a gefen da ya fi nisa da lambatu za ta ba da inuwa. Wannan ba ado ba ne. Mai kaya a ka da rana tsaka, in turba ba inuwa, kwalta kuwa ta fi kusa, kwalta zai bi.

Wurin da ya fi bukatar ido shi ne inda turba ta iske ruwa. A ƙasar noman rani hanyoyin ruwa sun ratsa ko'ina. Sau da yawa mutane na da turbarsu lafiya lau, sai ta zo ta ci karo da hanyar ruwa ko wani kwari, babu abin ƙetarewa. Dole mai keke da mai jaki su karkata su hau kwalta, su bi ta gadar mota, sa'an nan su sauka. Gada kuwa nan ne hanya ta fi matsewa, ga ƙarfe dama ga tirela hagu, ba wurin kaucewa. Kwalbati ɗaya, ko 'yar gadar siminti mai faɗin amalanke, sai ta ɗebe mutum ɗaruruwa daga kan gadar mota ko wace rana. Inda rafin yashi ne mai ƙafewa da rani, a shimfiɗa masa daɓen siminti a ƙasa, ruwa ya bi ta kai, ya fi gada arha nesa ba kusa ba. Inda hanyar ruwan ta hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ce, sai a nemi yardarta tukuna.

Irin wannan aiki hannu yake so ba inji ba. Da rani, lokacin da samarin ƙauyukan da ba su da fadama ke tafiya cin rani, in aka ɗauke su aiki kuɗin ya zauna a gida.

Saura maganar ƙetarewa, gama kome kyan turba, wanda gonarsa ke hayi sai ya ƙetare. Abin da manya suka fi so su gina shi ne gadar sama mai matakala, don ana hango ta daga nesa, ana kuma iya rubuta suna a jikinta. A cikin birni tana da amfani. A ƙauye kuwa, wa ya taɓa ganin jaki da mangala ya hau matakala arba'in? Amalanke ba ya hawa, keke mai buhu biyu ba ya hawa, tsohuwa ba ta hawa. Sai a bar gada ga awaki, mutane su ci gaba da ratsawa ta ƙarƙashinta. Haka nan inda aka gina katangar siminti a tsakiyar hanya ba a bar ƙofa ba, sai ka ga ana ɗaga keke ana tsallakawa, ko mai babur ya bi hannun da ba nasa ba yana fuskantar motoci, don mahaɗa ta yi masa nisa. Abin da ƙauye ke bukata shi ne mota ta rage gudu kafin ta shigo, da mashiga guda sananniya, mai alama, mai fitila irin ta hasken rana, mai ɗan tsibiri a tsakiya inda mutum zai tsaya ya numfasa ya duba ɗaya hannun. Inda shanu ke ƙetarewa da yawa, babban kwalbati wanda garke zai bi ta ƙarƙashin hanya ya fi kome, amma shi tun ana zanen hanya ake roƙonsa.

Kowa ya san yadda tudun rage gudu ke samuwa a ƙauyuka. Sai mota ta kashe yaro, jama'a su fusata, su fito da dare su jibga laka da kututture a kan kwalta. Ba wanda zai ga laifinsu. Amma tudun da ba fenti ba alama, shi ma yana kisa. Motar tumatir ta zo da dare ta ci karo da shi, kwanduna su watse, masu zaman saman kaya su faɗo. Tudu na ƙwarai mai faɗi ne, mai hawa a hankali, da farin fenti, da allo tun daga nesa. Ƙaramar Hukuma ba za ta sa shi a hanyar Tarayya da ikon kanta ba, amma ita ce ke da takarda da hatimi. Ita ya kamata ta rubuta wa Ma'aikatar Ayyuka da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa cikin 1988, ta kuma bi sawun takardar, tun ba a kai ga makoki ba.

Kasuwa Da Shanya

Kasuwa takan bi mai saye, mai saye kuwa yana cikin mota, don haka rumfuna ke rarrafowa har su taɓa kwalta. Ranar kasuwa motoci na lodi a kan hanya, 'yan talla na bin taga da gudu, mai raguna na ja, mai baro na turawa. Duk wannan a ƙarƙashin idon mai yankan rasit ake yi. Kuɗin rumfa da na tasha da na lodi Ƙaramar Hukuma ke karɓa, ya kamata wani abu daga ciki ya koma ya zama katanga tsakanin kasuwa da kwalta, da filin lodi mai burji a ciki, da ƙofa ɗaya ta shiga ɗaya ta fita.

'Yan kasuwa suna da tasu hujja, ba kuwa ta banza ba ce. Wanda aka mayar ciki yana tsoron na bakin hanya ya tare masa ciniki. In aka tashi rabi aka bar rabi, kafin kasuwa ta sake ci kowa ya komo. In kuma filin da aka nuna musu taɓo ne da damina, ba ruwan sha, ba inuwa, mota ba ta iya shiga, to, ko da 'yan sanda aka zo ba za a zauna ba. Sai an gyara wurin tukuna, an zauna da Sarkin Kasuwa da shugabannin direbobi da na 'yan dako, sa'an nan a tashi rana ɗaya gaba ɗaya.

Shanya a gefen kwalta kuwa, ita tafi shafar wannan fili. Duk mai bin hanyoyin Arewa ya ga shinkafar da aka turara, da barkono, da yankakken tumatir, an baza su a kafaɗar hanya. Dalili a fili yake, wurin shimfiɗaɗɗe ne, yana da zafi, ba a biya. Amma kafaɗar nan ita ce kaɗai hanyar mai keke da mai ƙafa. In an rufe ta da shanya, an kuma jera duwatsu don kare shanyar, sai su koma tsakiyar motoci. Yaran da aka sa tsaro su ma suna bakin kwalta wuni guda, suna korar awaki. Kayan kansa ba ya tsira, ƙura da tsakuwa da baƙin mai duk yana sha. Tsakuwar da matan birni ke kuka da ita cikin shinkafar gida, har su gwammace ta waje ko da ta fi tsada, wata a nan take shiga. Dandamalin siminti na shanya a bayan gari, kusa da injin casa, da ɗan shinge, magani biyu ne cikin ƙwarya ɗaya. Ya buɗe kafaɗar hanya, ya kuma ƙara wa buhu daraja. Tsarin Mulki ya sa wa Ƙaramar Hukuma hannu cikin raya aikin gona, saboda haka ba a fita daga hurumi ba.

Shanun da ke bin kwalta su ma ba sha'awarta suke yi ba, kofato bai son ta. Burtali ne aka nome. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya cikin 1965, amma taki da yawan jama'a sun sa ko wane manomi ya ci taku ɗaya daga burtali, na gaba ma ya ci, har ya ƙare. Inda ya rage, hakimi da dagatai da arɗo su bi shi da ƙafa tare da ma'aikacin Ƙaramar Hukuma, a dasa aguwa dama da hagu kamar yadda kakanni ke yi. Reshenta kawai ake cakawa a ƙasa ya kama, dabba kuwa ba ta cin ta.

Kada mai karatu ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ba sa hana kome. A birnin Darussalam na ƙasar Tanzaniya wata ƙungiya mai suna Amend ta haɗa kai da hukumomin gari, suka zaɓi makarantun da motoci suka fi buge wa yara. Ba su gina gada ba. Hanyar ƙafa suka yi, da tudun rage gudu, da zanen mashiga, da alluna, wani wuri kuma suka sauya ƙofar makaranta daga bakin babban titi. Da aka bincika sai aka tarar raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin 100 a makarantun da aka yi wa aikin. Cikin 2019 aikin ya ci wata babbar kyauta ta biranen duniya.

Ina Kuɗin?

Ƙananan Hukumomi 774 ne a ƙasar nan, 44 daga ciki a Jihar Kano. Rabonsu daga asusun Tarayya kashi 20.6 ne cikin 100. Shekara da shekaru kuɗin na bi ta wani asusu na haɗin gwiwa da Jiha, shugabanni kuwa na cewa abin da ke isowa hannunsu albashi ma da ƙyar. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan Ƙananan Hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce ba daidai ba ne a naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Yanke hukunci daban, cika shi daban, an kuwa sha jayayya a kansa. Duk da haka ya ba talaka abin riƙewa in ya je tambaya. Akwai kuma shirin hanyoyin karkara da kasuwancin amfanin gona wanda Bankin Duniya ya amince da shi cikin 2020, Kano da Katsina da Sakkwato da Kabi da Bauchi na cikin jihohin da ya shafa. Irin wannan shiri, hanyar da aka kai sunanta ita ake dubawa.

Gaskiyar magana, kwalbati ba ya farin jini. Ba a yanka masa ƙyalle, ba a kiran makaɗa. Ƙofar gari mai fenti da sabuwar motar ofis sun fi shi ɗaukar ido. Don haka in manoma suka yi shiru, ba za a yi ba. Ƙungiyar manoma ko ta masu ban ruwa ta fi mutum ɗaya ƙarfi. Kada a tafi da kuka kawai, a tafi da takarda. A sa ɗan makaranta ya zauna a bakin gada ranar kasuwa ya ƙirga masu ƙafa da kekuna da jakuna da amalanken da suka hau ta daga asuba zuwa azahar. A rubuta haɗurran da aka yi a wurin cikin shekara biyu, da watan da aka yi ko wane, da dabbobin da aka rasa. A auna tsawon turba da igiya. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, a miƙa wa kansila, a ajiye kwafi. Direbobi da dillalan kayan gwari su ma a jawo su, gama motar da ta buge sa ita ma ba ta kwana lafiya.

Kafin wannan ya samu, akwai abin da ba ya cin ko sisin hukuma. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 motoci suka koma bin hannun dama a ƙasar nan. Mai tafiya a ƙasa sai ya bi hagu, yana fuskantar motar da ke zuwa, ya gan ta ta gan shi. Amalanken da zai yi dare a ɗaura masa abin nan mai ƙyalli a baya, ana samunsa wurin masu kayan babur, ko a shafa wa katakon baya farin fenti.

Kasafin kuɗin hukuma daga Janairu yake somawa, ana kuwa tsara shi tun watannin ƙarshen shekara. Takardar da ta isa ofis cikin Satumba ko Oktoba tana da damar shiga. Aikin ƙasa da na kwalbati a yi shi bayan kaka, daga Disamba zuwa Afrilu, siminti a riƙa ba shi ruwa har kwana bakwai don kada zafi ya fasa shi. Jema da darbejiya kuwa sai ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, a kuma kewaye ko wane dashe da ƙaya sabo da awaki.